Hoton ƙasarmu sai ya sauka a Jamus kafin ya dawo mana

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya kai da dukkan ma'aikatan jaridar nan, Allah Ya ƙara basira. Ni mai karatunku ne daga Akra, wadda iyayenmu har gobe suke kira Ankara, haifaffen Nima amma yanzu a Alajo nake zaune da iyalina. Aikina haɗa wayar faiba, mu ne mutanen da kuke gani a bakin titi zaune kan bokiti kusa da rami, da ɗan inji a kan cinya, rana tana dukanmu. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, ta yadda hoton ƙasarmu da tauraron ɗan Adam yake ɗauka yake isowa hannunmu, kuma na ga ba a cika kawo irinta da Hausa ba, shi ya sa na ce bari in rubuto, in ta yi tsawo a yi haƙuri da ni.

Abin ya faro ne ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi bai wuce kwana uku ko huɗu da kamawa ba. Duk wanda yake Ghana ya san ranar, da safe kawai netwok ya ɗauke, momo, wato tura kuɗi ta waya, ya ƙi tafiya, bankuna suka tsaya cak, masu shago a Tudu da Kantamanto suna riƙe da waya suna kallon juna. Daga baya aka gane manyan kebul guda huɗu na ƙarƙashin teku ne suka lalace a lokaci ɗaya can wajen gaɓar Kodebuwa, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kuma gyara ya ɗauki makonni. To a daren, bayan tarawihi muna zaune a bes ɗinmu, wato wurin hirarmu, ana dafa shayin ataya, ɗan ƙanwata da yake karatun taswira a jami'ar Ghana da ke Legon ya zo da laftof ɗinsa ransa a ɓace, wai yana da aikin da zai miƙa kuma yana buƙatar hoton tauraron ɗan Adam na bakin kogin Volta amma ya kasa saukewa. Wani dattijo a cikinmu, tsohon direban tirela ne, ya ce masa yaro kai da ka ce tauraro ne ya ɗauki hoton daga sama, mene ne haɗinsa da igiyar da ta tsinke a cikin teku? Yaron ya ce Baba ai hoton ba nan yake sauka ba, Turai yake sauka, daga can ne muke jawo shi ta cikin wannan igiyar. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a wuya. Tun daga ranar nake bin labarin, ina tambayar yaron ina kuma karanta abin da na samu, kuma abin da na fahimta shi nake son 'yan uwana su ji.

Bari in fara da abin da hannuna ya sani. Faiba gilashi ce, siririya kamar gashin kai, in ka ɓare robar da ke jikinta ka ɗora ta a tafin hannu da ƙyar kake ganinta, kuma in ta karye ta shige maka fata sai ka kwana kana jin ta. Ba wuta ce ke bi ta cikinta ba, haske ne. A can ƙarshen layin akwai ƙaramar leza da take ƙyaftawa sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, wannan ƙyaftawar ita ce muryarka da hotonka da kuɗin da ka tura wa mahaifiya a gida. Muna da wani abu kamar biro mai jan haske, in layi ya mutu sai mu soka shi a baki ɗaya mu bi igiyar da ido, duk inda ta karye ko ta lanƙwashe da yawa sai ka ga jan hasken yana tsiyaya ta wurin kamar garwashi a cikin toka. In za mu haɗa biyu kuwa sai an goge da auduga da sifirit, a yanke bakin daidai, a sa a inji ya daidaita su baki da baki ya narkar da su da ɗan tartsatsi. Ƙura ƙwaya ɗaya ta shiga tsakani aikin ya ɓaci, sai ka sake. Saboda haka da na ji cewa akwai masu yin irin wannan aikin a sararin sama, babu gilashi babu igiya, haske kawai suke harbawa daga wani tauraro zuwa wani a nisan da ya kai kilomita 45,000, sai da na ajiye kofin shayina na ce yaron ya maimaita.

Ga matsalar da ta sa suka yi haka. Taurarin da suke ɗaukar hoton ƙasa ba su da nisa sosai. Misali Sentinel-1 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a watan Afrilun 2014, yana tafiya a tsayin kilomita 693 ne, ya ɗan fi nisan Akra zuwa Tamale a mota, kuma gudunsa ya wuce kilomita 7 a daƙiƙa, wato daga Akra zuwa Kumasi kamar rabin minti ne a wurinsa, tafiyar da mu muke yini a kanta in an samu go-sulo a Nsawam. Yana zagaye duniya cikin kusan minti 99. Yana tafe yana ɗaukar hoto yana tarawa a cikinsa, amma ba zai iya sauke kayan ba sai ya zo saitin wata tashar ƙasa mai babban faranti, irin ta Svalbard can ƙuryar arewacin Norway, ko Matera a Italiya, ko Maspalomas a tsibiran Kanari. Kuma in ya zo saitin tashar, minti goma ne ko ƙasa da haka ya wuce. Ka ga kamar ɗan aike ne da ya ga gobara a unguwa amma ba shi da waya, sai ya gama zagaye gari ya iso ƙofar gidan sarki sannan ya faɗa, kuma a guje yake, rabin maganar ya faɗa sauran sai ya sake zagayowa. Hoton da aka ɗauka yanzu zai iya yin sa'a ɗaya ko fiye a cikin tauraron kafin wani ɗan Adam ya sa shi a ido.

Sai hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, da kamfanin Airbus suka haɗa kai suka kafa abin da suke kira EDRS. Dabarar ita ce a ajiye wani tauraro can sama ƙwarai, kilomita kusan 36,000, inda gudunsa yake daidai da juyawar duniya, saboda haka in kana ƙasa kullum a wuri ɗaya kake ganinsa, irin taurarin da farantin talbijin ɗinmu yake kallo ba ya motsi. Daga wannan tsayin yana hango ƙaramin tauraron na ƙasa na tsawon kusan rabin zagayensa, yana kuma hango tashar ƙasa dare da rana. To ƙaramin yana ɗaukar hoto sai ya harba shi sama da leza, babban ya cafe ya sauke ƙasa nan take. Na farko, EDRS-A, an harba shi a watan Janairun 2016 daga Baikonur, a jikin wani tauraron sadarwa mai suna Eutelsat 9B aka maƙala shi. Na biyu, EDRS-C, ya tashi a watan Agustan 2019 daga Kourou a kan roka Ariane 5. Na'urar lezar wani kamfanin Jamus mai suna Tesat ne ya ƙera, tana tura gigabit 1.8 a daƙiƙa, na zauna na yi lissafi, wayar da take da gigabait 64 za ta cika fal cikin ƙasa da minti biyar. A rana tsarin zai iya kwashe har terabait 40.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai wannan sana'a shi ne saitin. Ni gilashi biyu nake haɗawa, duka suna kwance a cikin inji ba sa motsi, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba, kuma duk da haka wani lokaci sai na yi sau uku. Su kuwa ɗaya yana gudun kilomita dubu 27 a sa'a, ɗayan yana can nesa da nisan da ya fi kewayen duniya gaba ɗaya, hasken kuma siriri ne ba ya bazuwa kamar siginar rediyo, dole kowanne ya lalubo ɗan uwansa da ƙaramin madubin hangen nesa, su kama juna cikin kamar minti ɗaya, su riƙe ba tare da sun kuɓuce ba duk da girgizar da jikin tauraron yake yi. Subhanallah. Hasken ma ido ba ya ganinsa, irin wanda ya wuce ja ne, dangin wanda muke aiki da shi a faiba, shi ya sa kullum nake gargaɗin yarana kada su kuskura su leƙa bakin igiya wai don ba su ga komai ba. Kuma sirantar tana da amfani biyu, ba sai an je neman lasisin zangon rediyo ba wanda yanzu ya cika maƙil, sannan da wuya wani ya tsaya a gefe ya saci sauraro ko ya toshe.

Ba yau aka fara ba. Tun watan Nuwamban 2001 Turawa suka gwada tsakanin tauraron Artemis da SPOT-4 na Faransa, lokacin megabit 50 kawai. Amurka ma ba a bar ta a baya ba, NASA ta turo saƙo da leza daga kusa da wata a 2013 da gudun megabit 622, a 2023 wani ɗan ƙaramin tauraronsu ya sauke gigabit 200 a daƙiƙa kai tsaye zuwa ƙasa, a Disambar shekarar kuma suka turo bidiyon wata kyanwa daga kumbon Psyche a nisan kilomita miliyan 31. Starlink, mai ba da intanet ta tauraro, da ya fara aiki a nan Ghana a 2024 shi ma da leza taurarinsa suke miƙa wa juna data. Wannan duk na faɗa ne don a san hanyar ta zauna, ba gwaji ba ce kuma.

Yanzu ga inda nake son Malam Edita ya saurare ni da kyau. Irin waɗannan taurarin masu tsayuwa wuri ɗaya dole a kan layin ikweta suke zama. EDRS-A yana digiri 9 gabas, EDRS-C yana digiri 31 gabas. Na ce wa ɗan ƙanwata ya buɗe mini taswira ya nuna mini wuraren, ya ɗora yatsa, na farko daidai bakin tekun Gabon kusa da Libreville, na biyu a kan Uganda. Duka biyun a saman Afirka suke rataye. Amma tashoshin da suke sauke wa kayan suna Weilheim a Jamus da Redu a Beljiyam da Harwell a Ingila. Wato hoton gonar kawuna za a ɗauka a kanmu, a cilla shi sama zuwa saitin Gabon cikin ƙiftawar ido, a sauke shi a Jamus, a gyara shi a ajiye a manyan kwamfutocinsu, sannan mu mu jawo shi ta igiyar da ke kwance a ƙasan teku, igiyar da muka gani da idonmu cewa rana ɗaya za ta iya tsinkewa. Ba zargin Turawa nake yi ba fa, kuɗinsu ne, ilminsu ne, kuma a gaskiya sun kyauta domin hotunan Sentinel kyauta ne, kowa zai iya yin rajista ya sauke ko sidi ɗaya ba zai biya ba. Amma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma ranar da ka fi buƙatarsa, ranar bala'i, ita ce ranar da wuta take ɗaukewa, turakun waya suke faɗuwa, layi yake mutuwa.

Akwai wani abu da mutane suke kuskurensa, suna ɗauka lezar har ƙasa take zuwa. A wannan tsarin a'a, tsakanin tauraro da tauraro kawai take aiki inda babu iska babu hadari, daga babban tauraron zuwa ƙasa kuma da siginar rediyo ake saukewa. Dalili shi ne haske ba ya ratsa gajimare. Masu son sauke leza kai tsaye sai sun nemi kan dutse ko wurin da sama take garau yawancin shekara, kamar tsibirin Tenerife inda ESA take da irin wannan tashar. Mu a Akra daga Mayu zuwa Yuli sama a rufe take, a arewa kuma inda hadari bai kai namu ba ga hazon hunturu daga Disamba, wanda ni na san abin da yake yi wa haske, don a wannan lokacin ko injina sai na shiga cikin mota na rufe gilashi kafin in buɗe shi. Saboda haka ni ba tashar leza nake roƙo ba. Faranti nake roƙo, na rediyo, wanda zai karɓi hoton a ƙasarmu lokacin da tauraron yake wucewa ta kanmu.

Me ya sa abin ya dame ni haka? Saboda kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya bar kasuwanci a Kumasi ya koma noma a wani ƙauye a bakin kogin Farin Volta can gefen Walewale. Duk shekara wajen Agusta zuwa Satumba in dam ɗin Bagre na Burkina Faso ya cika sai a buɗe shi, ba su da zaɓi, in ba su buɗe ba ya fashe abin ya fi muni, kuma ana sanarwa, ana faɗa a rediyo cewa masu gona a bakin kogi su tashi. Amma sanarwar ba ta faɗa maka ruwan yau ina ya kai, gobe ina zai kai. Wata shekara kawu ya ji sanarwar, masararsa saura kamar kwana goma ta nuna, ya duba ya ce bara ruwan bai wuce wata tsamiya da ke ƙasan gonar ba, bari ya jira. Cikin dare biyu ruwan ya haye tsamiyar ya shanye gonar. Na je bayan sati biyu, ya kai ni wurin, karan masarar duk ya kwanta gefe ɗaya laka ta lulluɓe shi, ya tsinko zangarniya ɗaya ya ɓare mini, ƙwayar ta yi baƙi tana wari har ta fara tsiro a jikinta. Bai ce komai ba, ya jefar ya goge hannu a riga. Bashin taki da ya ci a shekarar sai da muka haɗa masa mu 'ya'yan 'yan uwa.

To shi Sentinel-1 ba kyamara ce irin ta waya ba, rada ce, yana aika siginarsa ne ya saurari abin da ya dawo, saboda haka dare ko rana, hadari ko babu, yana gani. Ruwan da ya kwanta kuwa baƙi ƙirin yake fitowa a hoton, domin siginar in ta daki fuskar ruwa zamewa take yi ta tafi ba ta dawowa. Yaron nan ya nuna mini hoto biyu na yankin, ɗaya na rani ɗaya na ƙarshen damina, a na farko kogin kamar zare, a na biyu kamar an zubar da tawada a takarda, ko wanda bai yi boko ba zai gane. Ruwa daga Bagre ba a sa'a ɗaya yake isowa ba, yana ɗaukar kwanaki yana gangarowa ta wajen Bawku da Pwalugu. In hoton da aka ɗauka da asuba ya isa hannun mai karanta shi kafin hantsi, ya ga inda baƙin ya kai a sama da ƙauyen, ya kira, mutum kamar kawu zai tara yara su karye masarar ko da ɗanya ce su sayar wa masu gasawa, ya tsira da wani abu. In kuwa hoton ya iso bayan kwana uku, sai dai a yi amfani da shi wajen ƙirga asara.

Haka abin ya faru a kudu a 2023. An fara sakin ruwan dam ɗin Akosombo ranar 15 ga Satumba, a Oktoba ya yi tsanani, Mepe da Battor da Sogakope da garuruwan da ke kusa suka nutse, sama da mutum dubu 26 suka bar gidajensu. A irin wannan hali mai kwale-kwalen ceto abin da yake son sani shi ne wace hanya ce ta yanke, wace makaranta ce har yanzu take kan tudu da za a kai mutane, kuma yau yake son sani.

Amma zan faɗi gaskiya don kada wani ya ce na zuzuta abin fiye da ƙima. Wannan tsarin ba zai hana irin abin da ya same mu ranar 3 ga Yunin 2015 ba. Ina Alajo a daren, ruwan rafin Odaw ya shigo mana ɗaki har ƙugu, na ɗora 'yata a wuya matata ta riƙe rigata muka lallaba muka hau benen maƙwabci, daga can muka hango jan wuta ta wajen Circle, babbar mahaɗar hanyoyi ta Akra, ba mu san mene ne ba sai da safe muka ji mutum sama da 150 sun rasu a gidan man da suka fake. Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu. Wannan ruwan cikin 'yan sa'o'i ya zo, shi kuwa Sentinel-1 guda ɗaya sai bayan kwana 12 yake komawa kan wuri ɗaya, in biyu ne suke aiki kwana 6, kuma daga Disambar 2021 da na biyun ya lalace sai da aka yi shekara uku da guda ɗaya kafin a harba Sentinel-1C a Disambar 2024. Ga shi kuma a cikin gari mai cunkoson rufin kwano radar ba ta ganin ruwa sosai. Leza tana rage jiran saukewa ne, ba ta sa tauraro ya zo lokacin da ba nasa ba. Maganin ambaliyar Akra yana cikin gotar Nima da Odaw da Korle da muke cika wa da leda, wannan kuma aikinmu ne. Abin da yake taimakawa a irin wannan ruwan shi ne tauraron yanayi, Meteosat, wanda yake tsaye a digiri sifili, daidai kudu da Tema a kan teku, yana ɗaukar hoton hadari duk bayan minti 10 zuwa 15. Kuma abin sha'awa, shi nasa bayanan ana watso su Afirka ta tauraro, hukumomin yanayi suna karɓa da farantinsu ba sai ta kebul ɗin teku ba. Ka ga kenan abin da nake roƙo ba sabon abu ba ne, an riga an yi shi a wani fannin.

Sauran amfanin ba sai na ja ba. Galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, da ya mayar da kogunan Pra da Offin da Ankobra kamar koko, Sentinel-2, ɗan uwan Sentinel-1 mai kyamara, yana ganin duk abin da ya kai mita 10, sabon rami a daji ba ya ɓuya in sama ta washe. Manyan jiragen da suke kwashe mana kifi da dare su kashe na'urar da ke nuna inda suke, rada tana ganin ƙarfensu yana ƙyalli a kan baƙin teku, amma jirgi tafiya yake, hoton jiya ba ya kama shi.

Kuma ba a ce ba mu da komai ba. A 2017 ɗaliban jami'ar All Nations da ke Koforidua suka haɗa ƙaramin tauraro GhanaSat-1 tare da wata jami'ar Japan, nauyinsa kilo ɗaya, aka sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Yuli. A shekarar dai aka buɗe farantin Kuntunse mai faɗin mita 32, wanda da can na sadarwa ne, da faiba ta zo aka bar shi, sai injiniyoyinmu da na Afirka ta Kudu suka gyara shi ya koma na nazarin taurari. Na taɓa yin aiki a kusa da wurin, na tsaya na daɗe ina kallonsa, na ce ashe sana'ata ce ta kashe shi wasu kuma suka tashe shi. Muna da cibiyar kimiyyar sararin samaniya a ƙarƙashin hukumar makamashin atom, muna da masana taswira a Legon da jami'ar KNUST ta Kumasi, Afirka ma ta buɗe hukumarta ta sararin samaniya a Alƙahira a 2025. Mutanen da suka iya gyara farantin mita 32 ba za su kasa kula da ƙaramin da zai karɓi hoto ba. Roƙona ga gwamnati da 'yan majalisarmu, musamman na mazaɓun zango da na arewa, shi ne a nemi yarjejeniya a kafa tashar karɓa a ƙasar nan, da wurin ajiye bayanan a gida da janareto da sola, a haɗa ta da NADMO, hukumar kula da bala'o'i, kai tsaye, in mu kaɗai ba za mu iya ba mu haɗa da Burkina da Togo tun da kogin ɗaya ne. Sannan abin da aka gani a mayar da shi magana, ba taswira da Turanci a shafin intanet ba, saƙon murya da Hausa da Mampruli da Kusaal da Ewe, a tura wa sarakuna da limamai da gidajen rediyon gari, a ce ruwa ya wuce gada kaza, masu gona daga wuri kaza zuwa wuri kaza ku kwashe yau. Lasifikar masallaci ta fi kowace manhaja isa kunnen mutanenmu.

Ga 'yan uwana matasan zango kuma, ni na tsaya a sakandare, faiba a hannu na koya, amma na ga da idona yaro ɗaya da tsohuwar laftof yana buɗe hoton da aka kashe biliyoyi kafin a ɗauka. Darussan suna nan kyauta, manhajar da ake buɗe hoton ita ma kyauta ce. Duk mai ɗa ko 'ya da take son lissafi ya tura ta wannan fannin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Bajamushen da ke Weilheim bai san tsamiyar gonar kawu ba, ɗanmu ne zai kalli baƙin nan a hoto ya ce wannan ai ƙauyen su wane ne, ya ɗauki waya.

Malam Edita, ina roƙonka abu biyu. Ka ba irin wannan magana fili ko sau ɗaya a wata, a samu masani ya yi mana bayani da harshenmu, in na yi kuskure a wani wuri a gyara mini zan ji daɗi. Sannan kafin Agusta mai zuwa ku tura wakilinku ya tambayi masu ruwa da tsaki, daga lokacin da tauraro ya ɗauki hoton Farin Volta zuwa lokacin da manomi zai ji, sa'a nawa ne, ku buga mana amsar. Kawu ya sake shuka masara a gonar nan bana, da na ce ya matsa sama ya ce ƙasar tudu ba ta ba da abin da ta bakin kogi take bayarwa. Na saya masa ƙaramar sola don wayarsa kada ta mutu, ɗan ƙanwata kuma ya yi alkawarin duk ranar da sabon hoto ya fito zai duba ya kira shi.

Wassalam. Naku mai haɗa faiba, daga Alajo, Akra.